Yadda Muka Sa wa IS300 Turbo a Zafin Sakkwato

A ƙarshen 2022 na sayi motar, Lexus IS300 ƙirar 2002, a hannun wani dillali a Kano. Giyarta ta mutu, rana ta cinye fentin rufinta, kujerar direba kuma ta yage har soso ya leƙo. Ko ɗaya bai dame ni ba, domin abin da ke ƙarƙashin bonet na je saye. Inji ne na Toyota da ake kira 2JZ-GE, silinda shida a jere, lita 3, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa alminiyam. Ɗan'uwansa na jini, 2JZ-GTE, shi ne a cikin motar Toyota Supra da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, kuma shi ya zo da turbo biyu tun daga kamfani. Nawa bai zo da turbo ba, ƙarfin doki 215 kawai yake bayarwa, amma gangar jikin kusan iri ɗaya ce, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ma 86. Wannan ya sa masu haɗa motoci a duniya suke nemansa. A kan babbar mota aka ɗauko mini ita zuwa Sakkwato.

Sana'ata haɗa sola da inbata, saboda haka waya da mita ba baƙona ba ne. Cikin inji kuwa ba fagena ba ne, shi ya sa na kai ta garejin dattijon da ya yi wa mahaifina gyaran Peugeot 504 tun ina firamare. Baba muke ce masa, mu da yaransa duka. Na zauna a kan benci na yi masa dogon bayani, ina nuna masa hotuna a waya. Bai katse ni ba har na gama. Sai ya ce, "To ɗana, na ji. Amma waɗanga mutane da kaka kallo, garinsu da sanyi. Kai kuwa Sakkwato kake." Na ce masa na yi lissafin wannan. A lokacin har zuciyata na ɗauka na yi.

Aikin turbo ba boyayyen abu ba ne. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ake karkatarwa ya juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya ɓarin, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Juyin yakan wuce dubu 100 a minti. Iska ta ƙaru, sai a ƙara fetur daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru. Ana auna matsin da psi, irin awon da mai faci ke yi wa taya. Iskar da muke shaƙa tana da nauyin psi 14.7, don haka idan turbo ta ƙara psi 14 ko 15, inji yana haɗiyar kusan ninki biyu na abin da ya saba.

Ban sayi turbo mai tsada irin ta masu tsere ba. Holset HX35 na nema, wadda ake samu a injinan dizal na Cummins, domin an yi ta ne don wahala, kuma tana iya ciyar da ƙarfin doki 400 ba tare da ta gaji ba. Matsalar ita ce jabunta ya cika kasuwa. Ta farko da wani ya aiko mini, Baba ya sa yatsa ya kama sandar tsakiya ya girgiza, muka ji tana taɓa bango. Ya miƙo mini ita ba tare da ya ce uffan ba. Na mayar, aka yi ta ja-in-ja kafin a dawo mini da rabin kuɗina. Daga nan na yarda zuwa da kai ya fi aike. Na shiga mota na tafi Kano da kaina, na kwana biyu ina zagaya masu kayan manyan motoci, har na samu 'yar Beljiyam ta gaske mai lambarta a jiki.

Ragowar kayan daga waje suka zo, kuma a nan ne zamani ya shiga cikin aikin. Na yi odar kusoshin kan inji na ARP, gasket ɗin GTE mai kauri, da famfon mai na Walbro 255 a farkon 2023, dala tana da sauƙi. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, kafin a shiga tsakiyar 2024 dala ta wuce 1,500. Abin da na ware don kammala mota gaba ɗaya bai isa ya sayi kwamfutar inji da nozul shida ba. Motar ta yi wata huɗu a kan jak, an lulluɓe ta da tamfol, awakin unguwa suna kwana a inuwarta. Inna ta kira ni wata rana bayan magariba ta ce, "Wanga kuɗi da kaka zubawa ga ƙarfe, da fili ka saya da yanzu an kai linta." Ban yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa. Na dai roƙe ta ta yi mini addu'a, ta kuma yi.

Giya ba ta ba mu labari mai tsawo ba. Otomatik ɗin da ta zo da motar ko da lafiyarta ba za ta ɗauki abin da nake nema ba. Muka sa CD009, giyar hannu mai shida ta Nissan 350Z, da farantin haɗi, aka ɗan buɗa ramin da guduma, mai tana ya yanke farfelar ƙarƙashin mota ya daidaita ta. Birki ma an ƙara masa girma a gaba, aka zuba man DOT 4. Wannan na yi shi tun kafin injin ya tashi, kuma shi ne abu ɗaya da ban taɓa nadamar gaggawarsa ba.

Inda muka daɗe shi ne wurin walda. Bututun shigar iska na GE yana haurawa ne ta saman inji, ko fulogi za ka canza sai ka kwance shi, don haka muka maye shi da mai fuskantar gaba. A ɗaya ɓarin, inda turbo za ta zauna, akwai akwatin ABS na birki kusa da wurin da zai riƙa yin ja da zafi, sai da muka matsar da shi muka yi masa garkuwa. Ƙofar rage matsi da ta zo a jikin Holset an saita ta ne don dizal, ta yi mana yawa, muka toshe ta da walda muka sa ta waje mai sifirin ɗin psi 8. Aka huda kaskon baƙin mai na sama domin man da ya ratsa turbo ya samu hanyar komawa. Mai waldar da ya yi mana wannan aiki matashi ne da ke haɗa tankunan ruwa da ƙofofi, bai taɓa taɓa bututun turbo ba, amma hannunsa a kan ƙarfe mara tsatsa kamar ɗinkin hula. Muna da masu hannu a garin nan, kayan aiki da wutar lantarki ne ke gagararsu. Sau uku muna tsaka da aiki janareta ya ƙi.

Waya kuwa ni na yi ta da kaina, da dare, a ɗakin ajiyar batura. Na sa EMU Black ta ECUMaster, 'yar ƙasar Folan, ita ke kula da fetur da wuta. Amma ban cire biren bos ta asali ba, domin a IS300 ita ke magana da agogunan gaban direba da kuma AC. Wasu a waje sukan cire AC ɗin ɗungurungum don a rage nauyi. Ni na ce ko me za a yi, AC na nan. Motar da ba za ka iya shiga da rana a watan Afrilu ba, a Sakkwato ba mota ba ce, kayan kallo ce. Saitin kwamfutar wani injiniya ne a Legas yake yi mini daga nesa: in yi tafiya da laftof a kujerar gefe, in tura masa bayanan ta WhatsApp, ya gyara ya dawo mini da su.

Ranar wata Asabar cikin Nuwamban 2023 ta tashi. Sau biyu ta yi tari ta mutu, a na uku ta kama. Yaran gareji suka yi ta ihu, mai shayin bakin titi ya baro tukunyarsa. Baba bai yi murna tare da mu ba tukuna. Ya ɗauki doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya bi silinda ɗaya bayan ɗaya idonsa a rufe. Da ya kai ta shida ya ɗago ya ce, "Lahiya lau take." Sai a lokacin na lura hannuna na rawa.

Hunturun shekarar na sha daɗin mota. Bayan sallar asuba, kafin hanya ta cika, nakan fita ta hanyar filin jirgi zuwa Bodinga, abokina yana gaba a tasa motar yana duba mini hanya. Ƙasa da juyi 3,000 motar kamar kowace mota take, shiru, ba hayaniya. Da allura ta kusa 3,500 sai ka ji wani siririn fito ya taso daga dama, kujera ta tura ka a baya. Da sanyin safiya, iskar da ke shiga inji ba ta wuce digiri 40 da 'yan kai. A psi 8 komai ya zauna daram. Abin da kawai ya dame mu ƙura ce: matatar iska mai buɗaɗɗen baki da na sa, cikin mako biyu ta zama ja kamar an tsoma ta a kunun kanwa, dole muka yi mata akwati.

Daɗin nan ne ya ja ni. A watan Fabrairu na ƙara matsi zuwa psi 13. Injiniyan ya gyara mini saitin, ya kuma ja kunnena da abu biyu: ba mu gama saita na'urar jin ƙarar inji ba, kuma duk bayanan da ke hannunsa na sanyin safiya ne, kada in matsa mata da rana sai na aiko masa da na zafi. Na ce to. Azumi ya shigo, aiki ya yi yawa, kowa na son sola saboda zafi da rashin wuta, ban aika ba.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, cikin Afrilun 2024, na dawo daga wani aiki wajen ƙarfe uku na rana. Agogon mota yana nuna 44 a waje. Mai ya yi ƙasa, na tsaya a wani gidan mai da ban saba sha ba na zuba. AC na aiki, na daɗe cikin cunkoso. Da hanya ta buɗe, na zo wuce wata tirela a giya ta uku, na taka totur har ƙasa. Na ji wata 'yar ƙara, kas-kas-kas, kamar an watsa tsakuwa a kwanon rufi. Ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Sai injin ya fara rawa, shuɗin hayaƙi ya cika madubin baya.

Da muka buɗe, Baba ya zaro fistin na shida ya goge shi da tsumma ya ɗora mini a tafin hannu. Da ɗuminsa na rana. Dandamalin da ke tsakanin ringi na farko da na biyu ya ɓalle, tsawon rabin ɗan yatsa, gefen saman kuma ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar an caccaka da allura. Gutsuren yana nan maƙale a bayan ringi. Na biyar ma ya fara tsagewa. Na shida shi ne can ƙurya kusa da bangon mota, inda zafi ya fi taruwa. Allah ya taimaka bangon silinda bai yi rauni mai zurfi ba. Baba bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa ya yi, "Ƙarhe bai ƙarya. Abin da kab ba shi, shi yam maido ma." Ya juya ya sa yara su kawo kananzir a wanke sauran.

A wurin makanikanmu, in aka ce inji ya yi nokin, ana nufin ya buga, mai ya ƙare ko metal ya cinye. Abin da Turawa ke kira da wannan suna daban ne, kuma shi ne ya same ni. Fetur da iska ya kamata su ci wuta a hankali daga bakin fulogi su bazu. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar da wutar ba ta kai gare ta ba sai ta fashe da kanta, ta doki fistin kamar guduma. Da na buɗe bayanan ranar a laftof, komai na nan a rubuce. Iska in an matse ta zafi take yi. Wadda ta shiga turbo a digiri 44 tana fita sama da 130. Intakula, wato lagireton iska da ke gaba, aikinta ta sauke wannan zafi, amma da iskar waje take saukewa, iskar wajen kuwa ita kanta wuta ce. Ƙaramar intakular da na saya don araha ta riga ta jiƙe da zafi a cikin cunkoso, abin da ya isa inji ya haura digiri 70. Ga fetur ɗinmu da oktan ɗinsa, wato ma'aunin jure matsi ba tare da ya fashe ba, 91 ne in ya cika, alhali saitin da nake kwaikwayo na masu shan 98 ne. Ga matsin fistin na GE da aka yi shi ninki 10.5, gasket mai kauri ta rage shi kaɗan kawai. Duk abubuwan nan na san su ɗaya-ɗaya tun kafin ranar. Haɗa su wuri guda a kan titin Sakkwato da ƙarfe uku ne ban yi ba.

Haɗi na biyu ya ci wata bakwai, kuma kusan duk kuɗinsa a kan sanyaya ya tafi. Muka samo fistin da kwanrod na GTE, waɗanda aka yi don matsin 8.5, masu kauri fiye da siraran da ke cikin GE irin nawa. Na zauna kusa da Baba ranar da yake gyara bakin ringi. Yakan sa ringi cikin silinda, ya danna shi da kan fistin ya daidaita, ya zura siririn ma'auni a tsagar, ya fitar, ya goga sau uku ko huɗu da fayil, ya mayar. Ringi goma sha biyu, tun hantsi har la'asar. Injin turbo yana son tsaga mai ɗan faɗi, domin in ringi ya yi zafi ya buɗe bakinsa ya haɗu, shi ma fistin yake fasawa.

Gangar GE ba ta da 'yan bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin kamar ta GTE, don haka muka ƙara wa baƙin mai nasa lagireton. Intakula ta koma mai kaurin inci huɗu, lagireton ruwa ya koma na alminiyam mai fanka biyu. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya fi araha. A gaban motar abu uku ne a jere, intakula, kwandensan AC, sannan lagireto, iska kuma ba ta son wahala, duk inda ta ga kafa a gefe nan take bi. Fanal bita ya yanka mana falankin alminiyam muka toshe kowace kafa, sama da ƙasa da gefe, ta yadda iskar da ta shigo ba ta da mafita sai ta ratsa ukun. Wannan kaɗai ya sauke zafin ruwa da digiri da yawa.

Mun yi saɓani da Baba a kan tamostat. Al'adar gareji a ƙasar nan ita ce a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai garinmu ba ya bukata. Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan karon a bar shi." Na nuna masa cewa kwamfutar da zafin ruwa take lissafin fetur, kuma injin da bai kai zafinsa ba yana cin kansa da safiyar hunturu. Ya yi shiru, sannan ya ce a bari, amma da sharaɗin kada ruwan rijiya ya sake shiga lagireton. Ya ɗauko butar gareji ya nuna mini farin dutsen da ya daskare a cikinta. A nan shi ya fi ni gaskiya. Tun daga ranar, ruwan batir mara asid nake haɗawa da kulan, wanda dama ina da shi jarka-jarka a shago.

Irin wannan ruwan ne kuma ke cikin ƙaramin tankin da muka sa a but, rabi ruwa rabi metanol. Idan matsi ya wuce psi 10, famfo yana fesa shi kamar hazo cikin bututun iska, ya sanyaya ta, ya kuma rufa wa fetur asiri. Injiniyan ya kammala saita na'urar jin ƙara, ya kuma rubuta wa kwamfutar doka: zafin iska ya haura 55, ta ja wuta baya ta rage matsi da kanta, tankin but ya ƙare, ta koma psi 8. Da sanyin safiya tana kai psi 17, lissafin man da nozul ke sha yana nuna muna kusa da ƙarfin doki 400. Da rana ba ta ba ni wannan, kuma ni na roƙi a yi haka. Fetur kuwa gidan mai biyu kawai nake sha yanzu.

Samari sun sha tare ni a kan in kawo ta wasan mota a wurin biki. Ba na zuwa. Na ga yadda yara ke tsayawa a bakin da'ira ba abin da ya raba su da taya, kuma na san abin da wannan mota ke yi idan bayanta ya kuɓuce. Takardunta na gyara su, lambar inji ba ta canza ba, duk wanda ya tsayar da ni a hanya ina buɗe masa bonet ya gani.

A Afrilun 2025 na je na ɗauki Baba da ƙarfe biyu da rabi na rana, na ce ya raka ni Bodinga. Agogo na nuna 43. Ya zauna a gaba da laftof a cinyarsa, na nuna masa lambobi biyu da zai riƙa kallo, zafin ruwa da zafin iska. Muka ratsa cunkoson cikin gari AC na busawa, muka wuce filin jirgi. Na samu fili a giya ta uku na taka. Fito ya taso, famfon but ya kama, ba tsakuwa, ba rawa. Ya karanto mini: ruwa 92, iska 51. A dawowa ya sa na kashe rediyo, ya karkata kai yana saurare, ya ce akwai 'yar girgiza a ƙarƙashin kujera in mun kusa 100, farfela ce ba ta zauna daidai ba. Ya ce in kawo ta ranar Litinin da wuri, kafin mai tana ya fita kasuwa.